Naɗi na biyu: yadda rabin wani fim ɗin barkwanci na 1927 ya ɓace, da yadda aka gano shi a 2015

Fim ɗin gajere ne, na barkwanci, marar magana, wanda Stan Laurel da Oliver Hardy suka fito a ciki. Sunansa The Battle of the Century, an sake shi a Amurka ranar 31 ga Disamba, 1927. Naɗi biyu ne, kowanne a gwangwaninsa. Daga 1957 zuwa 2015, shekara 58, masu bincike sun ɗauka cewa naɗi na biyu ya hallaka in ban da wajen minti 3, alhali yana nan cikakke a cikin kayan masu tara tsofaffin finafinai, da sunansa rubuce a jikin gwangwanin.

## 1927: abin da aka ɗauka, da abin da aka ɗora shi a kai

Kamfanin Hal Roach da ke Culver City a Kalifoniya ne ya shirya fim ɗin, MGM ta rarraba shi gidajen silima. Clyde Bruckman ya ba da umarni, Leo McCarey ya sa ido a kan aikin, George Stevens ya riƙe kyamara. Naɗin farko shaguɓe ne ga damben da Gene Tunney da Jack Dempsey suka yi a Shikago ranar 22 ga Satumba, 1927, inda Tunney ya sha ƙasa a zagaye na bakwai amma alƙalin wasa ya yi jinkirin fara ƙirga, saboda Dempsey bai koma kusurwar da doka ta tanada ba. Laurel ne ɗan damben da bai iya komai ba, Hardy kuma manajansa. Bayan an yi wa Laurel kaye, wani dillalin inshora ya sayar wa Hardy takardar da za ta biya kuɗi in Laurel ya ji rauni.

A naɗi na biyu Hardy yake yar da ɓawon ayaba a hanya don Laurel ya zame. Wani mai rarraba kek ne ya taka ya faɗi, daga nan jifa ta kaure, har ta cinye titin baki ɗaya. Kek ɗin mai faɗin faranti ne, cike da kirim ko 'ya'yan itace, kuma an yi amfani da fiye da 3,000. Abin da ya ɗaukaka wannan jifar a idon masana shi ne tsarinta. Ba a jefa kek sai da dalili. Wanda aka jefa yakan tsaya cak, ya share ido da yatsa, ya je ya ɗauko nasa a natse, ya rama, ya kuskure, ya sami wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka rigimar take girma mutum ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsawon waɗannan tsaye-tsayen ya taɓa dariyar kanta.

An ɗauki fim ɗin a kan zaren naitiret mai faɗin milimita 35, kamar kowane fim na silima a lokacin. Ana yin naitiret ta jiƙa auduga da asid mai ƙarfi, a haɗa da kafur don ya yi laushi, sannan a shafa masa sinadarin azurfa wanda shi ke riƙe hoto. Naɗi ɗaya kusan ƙafa 1,000 ne, wato mita 305, kowace ƙafa da hoto 16, kowane hoto da huda huɗu a kowane gefe inda haƙoran inji ke kamawa. In aka haska hoto 24 a daƙiƙa, naɗi ɗaya yana cin minti 11. Zaren da ya fito daga kyamara shi ne uwar fim, wadda masu hoto ke kira negatif, daga gare ta ake wanke kwafin da ake aika wa gidajen silima.

## 1928 zuwa 1956: kasuwa ta juya, zare ya fara ruɓewa

Kusan wata uku kafin a saki fim ɗin, a Oktoba 1927, kamfanin Warner ya fitar da dogon fim mai ɗauke da waƙa da magana. Zuwa 1929 su Laurel da Hardy ma sun koma fim mai sauti. Fim marar magana ya zama kayan da ba mai haya. Gajeren barkwanci ya fi shan wahala, domin tun asali share fage ne da ake nunawa kafin babban fim, a yi mako guda a canza. Kwafin da ya gama zagaye yakan dawo a karce, a yayyage, sai a sayar wa masu narkawa su cire azurfar. Ba a fara tunanin talabijin zai buƙaci tsofaffin kaya ba sai bayan yaƙin duniya na biyu.

Abin da ya rage shi ne uwar fim a rumbu, ita kuma naitiret ba ya zama lafiya. Yana fitar da iskar da ke haɗuwa da danshi ta zama asid, asid ɗin ya ci zaren, zaren ya ƙara fitar da iska. Gwangwanin da aka rufe ruf yana tare iskar a ciki, saboda haka ya fi saurin lalacewa, kuma yana shafar maƙwabtansa. Masu adana finafinai sun kasa lalacewar mataki biyar. Da fari zaren yakan yi ruwan ɗorawa, hoton ya dishe. Sai fuskar hoton ta yi danƙo, zagaye ya manne wa zagaye. A mataki na uku ƙuraje suke fitowa cike da iska, da wari mai hawa kai. A na huɗu naɗin ya dunƙule ya zama curi ɗaya, kumfa na tsattsafowa. A na biyar sai gari mai launin ƙasa. A mataki na ɗaya da na biyu ana iya kwafe fim, a na uku a tsira da wani sashe, daga na huɗu babu sauran magana.

Ga kuma wuta. Naitiret yana ɗauke da iskar da yake ci da ita a jikinsa, shi ya sa ruwa ko yashi ba sa kashe shi. Gwajin da hukumar ma'aunai ta Amurka ta yi a 1949 ya nuna cewa naɗin da ya fara lalacewa yana iya kamawa da kansa a digiri 41 na ma'aunin Salshiyas, zafin da Sakkwato ke wucewa a watan Afrilu. Ranar 9 ga Yuli, 1937, rumbun kamfanin Fox a Little Ferry ta jihar New Jersey ya ƙone a lokacin tsananin zafi, ya tafi da mafi yawan finafinan kamfanin marasa magana. Uwar fim ɗin da muke bi ta tsira daga gobara, ruɓewa ce ta kama ta. Kamfanin Kodak ya daina yin naitiret a farkon shekarun 1950, ya koma zaren asitet wanda ba ya ci da wuta haka, amma wannan bai taimaki abin da ke cikin rumbu ba sai in wani ya biya kuɗin kwafewa.

## 1957: ceto na farko, wanda ya tsaya a minti 3

Robert Youngson furodusa ne da ya ci kyautar Oska sau biyu da gajerun finafinan da ya harhaɗa daga tsofaffin hotuna. Ya sami izinin shiga kayan Hal Roach don haɗa dogon fim na gutsattsarin barkwanci, The Golden Age of Comedy, wanda ya fito a 1957. Ya tarar da uwar naɗi na biyu ta fara lalacewa amma tana wankuwa.

Ba a zaɓen yanka a kan uwar fim, domin kowane wucewa ta inji yana ƙara mata rauni. Sai Youngson ya sa aka wanke masa kwafin dubawa na naɗin gaba ɗaya a ƙaramin zare mai milimita 16. Daga nan ya zaɓi abin da yake so, aka kwafe wannan kaɗai a milimita 35 na asitet. Ɗakin wanki da ƙafa yake caji, shi kuma fim ɗin kasuwa yake haɗawa. Ya ɗauki wajen minti 3 na tsakiyar jifar, ya rage tsaye-tsayen, ya sauya jerin wasu hotuna, ya ɗora kiɗa da muryar mai bayani. Ba a daɗe ba uwar fim ta ƙarasa lalacewa.

Fim ɗin Youngson ya karɓu, ya dawo da sunan Laurel da Hardy bakin sabbin 'yan kallo. Amma daga wannan shekara duk wanda ya yi rubutu a kan jifar kek ɗin, yankan Youngson yake kwatantawa. Kwafin dubawar kuwa kayan aiki ne, bai shiga kowane kundi ba, ya zauna cikin kayansa na gida.

## Shekarun 1970 zuwa 2014: abin da aka gwada

Youngson ya rasu a 1974, finafinansa suka watsu hannun masu tarawa. A cikin shekarun 1970 ɗin ne aka gano kwafin naɗin farko a rumbun gidan adana kayan fasahar zamani na New York, wanda ake kira MoMA. Damben yana nan, har ana ganin ɗan barkwanci Lou Costello yana saurayi cikin 'yan kallo na gaba, tun bai yi suna ba. Sai dai ƙarshen naɗin ya guntule, wurin da Eugene Pallette ya fito a matsayin dillalin inshora.

Hanya ta farko da aka bi ita ce cike gurbi. Aka jera naɗin farko, aka bi shi da hotunan talla marasa motsi da allunan rubutu da aka ɗauko daga rubutaccen labarin, sannan aka liƙa minti 3 na Youngson a ƙarshe. Wannan sigar ce ta yi yawo a kaset da faifan DVD. Ta sa mai kallo ya fahimci labarin, ba ta iya dawo da motsi ba, barkwancin fim marar magana kuwa a motsi yake.

Hanya ta biyu ita ce neman kwafi a ƙasashen waje, kuma tana da hujja mai ƙarfi. Garuruwan da ke ƙarshen layin rarrabawa ba sa mayar da fim, saboda kuɗin jigila ya fi darajar kayan. A 1978 an tono naɗi 533 a garin Dawson na arewacin Kanada, cikin tsohon wurin ninƙaya da aka cike da ƙasa, ƙanƙara ta adana su kusan shekara 50. A 2010 rumbun finafinai na New Zealand ya amince a mayar wa Amurka finafinai 75, har da gajerun barkwanci. Wannan naɗin bai fito a ko ɗaya ba.

Wurin da ba a iya bincikawa shi ne ɗakunan masu tarawa. Kayansu ba su da kundin da kowa zai duba, kuma suna da dalilin yin shiru: a shekarun 1970 hukumar FBI ta kai samame gidajen wasunsu bisa zargin keta haƙƙin mallaka, har da gidan wani fitaccen ɗan wasan Holiwud a 1974. Mutumin da ya sayi kason kayan Youngson da naɗin yake ciki ya riƙe shi shekara da shekaru har ya rasu, labarin bai fita ba.

A 2013 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoton David Pierce. Daga dogayen finafinai marasa magana 10,919 da Amurka ta yi tsakanin 1912 da 1929, kashi 14 cikin ɗari ne kawai suka rage a siffarsu ta asali, kashi 70 sun ɓace ɗungurungum. Ƙidayar ta tsaya a kan dogaye, gajeru ba su shiga ba.

## 2015: gwangwanin da aka buɗe

Tarin mutumin nan da ya sayi kayan Youngson, finafinai fiye da 2,000, ya koma hannun wani mai tarawa a Kalifoniya. Shi kuma ya ɗauki aikin bin su ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai gwangwani mai sunan fim ɗin da alamar naɗi na 2. Ya zaci yankan Youngson ne, domin kwafinsa ya cika hannun masu tarawa, kuma kowa ya san sauran ya hallaka. Da ya ɗora a inji sai ga abubuwan da babu su a minti ukun nan: wasan ɓawon ayaba tun daga farkonsa, jifar a jerinta na asali, da yadda aka rufe labarin.

Lissafin da zai tona wannan tun kafin a kunna inji mai sauƙi ne. Zaren milimita 16 yana da hoto 40 a kowace ƙafa, yana cin ƙafa 36 a minti in ana haska hoto 24 a daƙiƙa. Minti 3 ke nan ƙafa 108, kusan mita 33, ɗan naɗin da tafin hannu zai rufe. Cikakken naɗi kuwa, wanda ya yi daidai da ƙafa 1,000 na milimita 35, kusan ƙafa 400 ne, mita 122, yana cika faifai mai faɗin inci 7. Ido kaɗai ya isa ya ga bambancin, in mai dubawa ya san abin da ya kamata ya gani.

A watan Yuni 2015 mai tarawar ya ambaci abin a taron Mostly Lost, wanda Laburaren Majalisa ya fara shiryawa a 2012 a cibiyarsa ta Culpeper da ke jihar Bajiniya. A taron ana haska gutsattsarin finafinan da ba a san sunansu ba, masana na zaune da kwamfutoci suna faɗin abin da suka gane da babbar murya: fuskar ɗan wasa, lambar mota, sunan shago a bango. Cikin 'yan kwanaki labarin ya shiga jaridu. Naɗin ya tafi kamfanin Lobster Films na Serge Bromberg a Faris don gyara.

## Gyara da fitarwa

Irin wannan aiki yana farawa a tebur, da hannu. Ana warware zaren a hankali, a karanta gefensa, inda masana'anta ke buga ko naitiret ne ko mai aminci, wato asitet, tare da 'yan alamomin da'ira, murabba'i da kusurwa uku da Kodak ke sa wa don nuna shekarar da aka yi zaren. Alamomin suna maimaita kansu duk shekara 20, don haka sai an haɗa da wata shaida. Zaren milimita 16, tun da Kodak ya fito da shi a 1923, ba a yin sa da naitiret, saboda don gidaje da makarantu aka yi shi. Ciwonsa daban ne: asitet in ya tsufa cikin zafi da danshi yana fitar da wari mai tsami irin na ruwan khal, ya motse, ya kanannaɗe. Ana auna wannan da 'yar takarda mai launin shuɗi da ake sawa a gwangwani, in ta koma kore ciwon ya fara, in ta koma rawaya ya yi nisa.

Sai a auna motsewar zaren. In ta kai kashi 1 cikin ɗari, tazarar hudoji ba ta dace da haƙoran injin haskawa, haƙoran sai su yaga su. Shi ya sa ake amfani da na'urar sikanin marar haƙora, wadda ke jan zare da robobi masu santsi tana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan an gyara mahaɗan da suka saki, an wanke ƙura. Karcen da ke bayan zare yana ɓoyuwa in aka ɗauki hoton zaren yana cikin wani ruwa mai karya haske daidai da shi. Wanda ya ci fuskar hoton kuwa sai a kwamfuta, kuma da taka-tsantsan: manhajar share datti tana ɗaukar duk abin da ya bayyana a hoto ɗaya ya ɓace a na gaba a matsayin datti, a fim ɗin da kirim ke fantsama ko'ina tana iya share abin da aka zo kallo.

Akwai asarar da ba ta gyaruwa. Hoton milimita 35 na zamanin marar magana milimita 24 ne a 18. Na milimita 16 bai wuce 10.3 a 7.5 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na filin. Abin da ya taimaka a nan shi ne kwafin ya fito kai tsaye daga uwar fim, ba kwafin kwafi ba ne, kuma bai sha haskawa a gidajen haya ba. Saura zaɓen gudu, domin kyamarar lokacin da hannu ake juya ta, ba ta da gudu ɗaya tsayayye, sai kuma sabon kiɗa.

An nuna gyararren fim ɗin a bikin finafinai na Telluride a Satumba 2015, sannan a na Landan a Oktoba. A Disamba 2020 aka sa shi a rajistar finafinan ƙasa ta Amurka, wadda ke ɗaukar 25 kowace shekara. Ranar 1 ga Janairu, 2023, haƙƙin mallakarsa a Amurka ya ƙare bayan shekara 95.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

An daɗe ana ganin laifin Youngson cewa ya tsinci minti 3 ya bar sauran ya ruɓe. Yankan nasa ya rage wa jifar nauyi, wannan gaskiya ne, wanda ya kalli biyun zai gani. Amma shi kaɗai ne ya kashe kuɗi a kan naɗin a 'yan shekarun da uwar fim take wankuwa, kuma kwafin da ya yi don sauƙin aikinsa shi ne ya rayu. Abu uku suka haɗu a kwafin: an yi shi kafin lalacewa ta kai mataki na uku, an yi shi a zaren da ba ya cin kansa da sauri, an kuma raba shi da rumbun da uwar take. Da ɗaya ya ɓace cikin ukun, da babu abin da za a samu a 2015.

Jinkirin shekara 58 kuwa ba sinadari ne ya jawo shi ba. Naɗin yana da suna a jikinsa, yana hannun mutanen da suka san darajar fim. Abin da ya ɓoye shi shi ne an riga an rubuta a littattafai cewa babu shi, sai sunan da ke kan gwangwanin ya zama dalilin ƙin buɗewa. Binciken ƙasashen waje hanya ce mai kyau, ta dawo da finafinai da yawa, amma a wannan lamarin bin sawun takarda ya fi kusa: wa ya taɓa uwar fim a ƙarshe, me ya wanke, ina kayansa suka tafi da ya rasu. Duk rumbu ko magajin da tarin finafinai ya faɗo hannunsa, abin da ya kamata ya rubuta a kan kowane gwangwani ya haɗa da faɗin zare, tsawonsa da ƙafa, alamar gefe, da hoton farko da na ƙarshe, sannan a gwada tsawon da abin da aka sani game da fim ɗin. Ajiya kuma sanyi da bushewa take so. Rumbunan naitiret na Culpeper suna kan digiri 4 da danshi kashi 30 cikin ɗari.

Fim ɗin bai cika ba har yanzu. 'Yan mintunan ƙarshen naɗin farko, na dillalin inshora, da hotuna marasa motsi ake cike su. Bakin naɗi da wutsiyarsa su suka fi shan hannu wajen ɗorawa da saukewa, su ake yankewa in sun yage, don haka cike wannan gurbi yana buƙatar wani kwafi daban na naɗin farko. Hats Off, wanda su biyun suka fitar a Nuwamba 1927, kusan wata biyu kafin wannan, inda suke fama da hawa da injin wanki kan doguwar matattakala, ba a sami ko naɗi ɗaya nasa ba, sai hotunan talla.